Anti Sakata, Wadda Ta Ƙi Buɗe wa Murya Ƙofa

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa. Maigadi ya ce shekara ashirin da shida ke nan, in ya hango ta da jakarta mai igiya ɗaya da 'yar fulas ɗin shayi a hammata, ba ya ƙara duba agogo. Ba ofishinta take fara nufa ba. Takan bi ta bayan ɗakin ɗibar jini, ta wuce firjin da ake jera kwalabe, ta tsaya a wata ƙaramar ƙofa da baƙo zai ɗauka wurin ajiye tsintsiya da bokiti ne. Tana buɗewa sanyi ya buso mata. Sai ta kara bayan hannunta a jikin wani dogon akwatin ƙarfe, irin yadda uwa take taɓa goshin ɗanta ta ji ko da zazzaɓi. Ta kasa kunne ta saurari fankokin ciki. In ta gamsu, ta ja ƙofar ta kulle, ta koma teburinta, ta tsiyaya shayi a murfin fulas, ta fara karanta abin da take kira rajistar baƙi: wa ya ƙwanƙwasa jiya, daga ina, ƙarfe nawa, an buɗe masa ko an hana shi.

Akwatin nan shi ake kira saba, wato babbar kwamfutar da duk sauran kwamfutocin wurin suke ɗebo bayani daga cikinta. Wurin kuwa gidan gwajin jini ne. Duk wanda ya taɓa naɗe hannun riga ya kawar da kai aka soka masa allura a nan, sirrinsa yana cikin akwatin nan. Akwai mai ciwon suga da bai gaya wa 'ya'yansa ba. Akwai matar da ta san tana da ciki, tana jiran ranar da za ta faɗa da bakinta. Akwai mutumin da ya karɓi takardarsa ya zauna a mota awa guda bai iya tayar da ita ba. A cikinsu babu wanda ya san fuskar matar da ke tsare musu wannan ɗaki.

Ma'aikata suna ce mata Anti Sakata. Ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba, da haushi aka fara. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu a kanta tana raye, tana ji da kunnenta. Ni ba ma'aikacin wurin ba ne, karatuna ma bai kai a ɗauke ni ba. Yayata ce ta haɗa ni da ita. Abin da ban gani da idona ba, a bakin Maigadi da Iya mai shara da direban Darakta na ji shi, su kuwa ba su da ribar da za su ci in sun ƙara gishiri.

Da buga takardu ta fara, a kan tafireta. Da aka kawo kwamfutoci kowa ya ja da baya, ita ce mai zama lokacin hutu tana latse-latse. Mutumin da ya zo ya haɗa sabar ya tafi bai sake waiwayowa ba, ya bar mata wani littafi da ya yi 'yan rubuce-rubuce a ciki. Haka aikin ya faɗo mata, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya canja rubutun da ke ƙofar ofishinta.

A wancan lokacin makulli ɗaya ne ke buɗe sabar: kalmar sirri. Kowa da tasa, a takarda dai. A zahiri kuwa, kalmar sirri a gidan nan kamar cazar waya take. In za ka fita cin abinci, ka bar wa na kusa da kai. In haihuwa aka yi maka ko rasuwa, ka rubuta ta a 'yar takarda ka tura ƙarƙashin kwamfuta, don abokan aiki su shigar maka da sakamakon da ya taru, kada marasa lafiya su yi ta jira. Ba mugunta ba ce, zumunci ne. Wanda ya hana tasa ma shi ake yi wa wani gani-gani. "Kai kuma me kake ɓoyewa? Ba ka yarda da mu ba ne?"

Yayata ɗibar jini take yi a wurin. Hannunta da sauƙi, iyayen jarirai ita suke nema. Shekara tara da suka wuce, wata Talata, mahaifiyarmu ta zame a banɗaki aka kwantar da ita a asibiti. Yaya ta rubuta kalmarta ta bar wa mutanen ɗakinsu kamar yadda kowa yake yi, ta taho. A ranar, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, wani ya shiga da sunanta ya buɗe sakamakon wani ɗan kasuwa, ya buga shi a takarda. Kafin mako ya zagayo takardar ta isa hannun surukan mutumin. Ya zo da lauya.

A ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ɗin nan ina zaune kusa da Yaya a kan benci a barandar asibiti, tana gyangyaɗi da ledar magani a cinya.

Darakta ya kira Anti ya ce ta bugo masa rajistar ranar. Ta bugo, ta kai da hannunta, ta tsaya ba ta fita ba.

"Ranka ya daɗe, na'ura cewa ta yi kalmarta aka sa. Ba ta ce ita ta sa ba."

"To wa ya sa?"

"Ban sani ba. Su shida ne a ɗakin, kowa ya san inda takardar take."

Ya ɗaga rajistar ya nuna mata da biro. "Ni dai suna ɗaya nake gani a nan."

An tambayi mutum shidan, kowa ya sunkuyar da kai. Yaya ta ce ba ta nan. Aka ce to wa kika ba, ai doka ta hana bayarwa. Dokar da shi kansa mai tambayar bai taɓa bi ba. Aka sallame ta, aka rubuta a takardar cewa ta fitar da sirrin majiyyaci. Da irin wannan takarda babu gidan gwajin da zai ƙara kallon mutum. Hannun da ke samo jijiyar jariri da allura ɗaya ya koma zura zare a keken ɗinki.

A makon nan Anti ta zo gidanmu. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma kusa da Yaya.

"Ƙanwata, takardar da ta kore ki ni na buga ta. Babu ƙarya a cikinta, amma kuma ba ta faɗi gaskiya ba. Ba ni da ikon mayar miki da aikinki. Sai dai muddin ina gidan nan, ba za a sake korar wani da irin wannan takarda ba."

Ni kuwa a raina cewa na yi daɗin baki ne irin na ma'aikata, a zo a shafa maka kai a tafi. Na yi kuskure, kuma wannan rubutu wani ɓangare ne na gyara shi.

Shekara biyu ta yi tana rubuta wa Darakta wasiƙa. Ta haura hamsin a lokacin, tabarau a karan hanci, tana koyo a waya tana kwafewa a littafin nan da aka bar mata. Abin da take nema shi ne a ƙara wa ƙofar kariya ta biyu. Da aka gaji da nacinta aka ce ta yi, sai ta tara ma'aikata ta yi musu bayani da harshen da kowa zai gane.

"Kalmar sirri makulli ce," in ji ta. "Makulli ana ara, ana yanka wani, ana tsinta a hanya. Abin da za mu ƙara sakata ce. Ko mutum ya zo da makullinka, ƙofa ba ta buɗuwa sai an zare sakata, ita kuma a hannunka take kai kaɗai."

Yadda abin yake shi ne, in ka sa kalmarka sai sabar ta nemi wasu lambobi shida da ke fitowa a wayarka, masu canjawa duk bayan rabin minti. Manya kuwa, waɗanda sunansu ke buɗe fayil ɗin kowa, ta ƙara musu da wani ɗan ƙarfe kamar ƙaramin makulli, a soka a jikin kwamfuta a taɓa da yatsa. Abu biyu ke nan: abin da ka sani a ka, da abin da kake riƙe da shi a hannu. Ɓarawo yana iya samun ɗaya daga nesa. Ya haɗa biyun kuwa sai ya zo har inda kake.

Ba wanda ya tafa mata. Mataimakin Darakta cewa ya yi, "Anti, banki muka buɗe ne ban sani ba?" Wani ya ce, "Yanzu in shiga aikina ma sai na nemi izinin wayata?" A ranar aka raɗa mata suna. In ta shigo ɗaki ana hira sai a yi tsit. Aka daina kiran ta cin abinci.

Ba a rufe wata guda ba mutanen suka samo dabara. Tana zaune sai ta jiyo ta bango ana waya: "Karanto min lambar, yi sauri kafin ta canja!" Da wata ce, da sai ta kai ƙara. Ita tambayar kanta ta yi, me ya sa suke haka? Ta ga ba wani abu ba ne illa tsohon zumuncin nan, wani ya tafi jana'iza aikinsa ya taru. Sai ta gyara tsarin ta yadda kowa zai iya shigar da aikin wanda ba ya nan, amma da sunan kansa. Ta bi su ɗaki-ɗaki.

"Ban ce kada ku taimaki juna ba. Ka taimaki ɗan'uwanka da sunanka. In an gode, kai aka gode wa. In an tambaya, kai za ka amsa."

Dattawan da wayarsu ba ta ɗaukar irin wannan abu, ta ba su ɗan ƙarfen, ta ɗaura musu a igiyar katin aiki da hannunta.

Akwai ranar da wani saƙo ya shigo wa kowa kamar daga ofishin Darakta, wai a sabunta kalmar sirri. Mutum goma sha huɗu suka rubuta tasu suka aika. Washegari rajistar baƙi ta nuna makullai goma sha huɗu na gaske an zo da su daga wuraren da babu ma'aikacin da ya taɓa takawa, duk sun tsaya a sakata. Ba ta buga ganga ba. Tebur-tebur ta bi tana canja musu kalmar tana tsokana: "Kai da ka ce ba banki muka buɗe ba, ga shi an zo cire ajiya." Rabin ma'aikatan har yau ba su san abin da ya tsallake su ba. Irin aikinta ke nan, in ya yi kyau babu abin da ake gani.

Ke ce, Anti, kika ɗauki baƙin jinin shekara bakwai a kanki don kada wani ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Ke ce mai cin abincinki ke kaɗai a tebur, kina tsaron sunan waɗanda suka daina gaishe ki.

Babbar jarrabawarta bara ta zo, saura wata bakwai ta yi ritaya. Darakta ya tafi taro wani gari, ya manta wayarsa a tasi. Da safiyar Talata wayar teburin Anti ta yi ƙara. Tsohuwar waya ce, duk abin da ake faɗa a ciki na gefe yana ji, Iya mai shara kuwa tana goge ƙasa a ƙofar.

"Ni ne. Wayata ta ɓata. Cire min sakatar nan taki daga kan sunana, akwai sakamakon da zan sa wa hannu kafin azahar."

"Subhanallahi! Allah ya bayyana ta, ranka ya daɗe. Ɗan ƙarfen da na ba ka fa?"

"Yana gida." Direba ya gaya min daga baya cewa jikar Daraktan ce ta gani ta so, ya ba ta ta rataya wa 'yar tsanarta.

"To Mataimaki yana nan, yana da ikon sa hannu. Yanzu zan je in gaya masa, ba wanda zai jira."

"Ba Mataimaki na kira ba, ke na kira. Ba ki gane muryata ba ne?"

"Na gane muryar sarai."

"To?"

"Muryar kawai na gane, ranka ya daɗe. Lambar da ta kira ban san ta ba, fuska kuma ban gani ba. Duk mai son shiga ɗakin nan da sunanka haka zai kira, haka zai ce: ni ne, wayata ta ɓata, sauri nake yi. In na buɗe wa murya yau, gobe ma murya zan buɗe wa."

"Ni kike ce wa ɓarawo?"

"A'a wallahi. Ɓarawon nake hana wa ya ce shi ne kai."

"Umarni nake ba ki. Minti goma." Ya ajiye kan wayar.

Iya ta ce da Anti ta ɗauki fulas za ta tsiyaya shayi, a kan tebur ta zuba.

"Anti, shi ne fa."

"Na sani, Iya. Kusan tabbas shi ne."

"To ki buɗe masa mana, ke 'yar nan! Kina da iyali."

"Kusan ɗin nan ne ya hana ni."

Ta tashi ta nufi ofishin Mataimaki, aka sa hannu, sakamako ya fita a kan lokaci. Iya kuma, ita da kanta ta faɗa min tana rufe baki da gyale, ta je bakin famfo ta ba da rabin labarin: wai Darakta ya ce a cire sakata daga kan sunansa nan da minti goma. Sauran rabin, cewa Anti ta ƙi, bai bi ta ba. Kafin a yi haka magana ta zagaye gidan.

Mai kiran kuwa shi ne. Ba ɗan damfara ba ne, Darakta ne da kansa, an bar shi a tsaye a gaban teburin otal kamar mai neman alfarma. Ranar Alhamis ya dawo yana huci. Ko zama bai yi ba ya sa aka buga mata takarda: ta yi bayanin dalilin ƙin bin umarni, sannan kafin a tashi ranar Juma'a ta cire sakata daga kan sunayen manya duka, ko kuma ta ajiye makullan ɗakin ta kama gabanta. Bayan shekara ashirin da biyar da 'yan watanni, za ta fita da takardar kora, irin wadda Yaya ta fita da ita.

'Yarta ta roƙe ta da yamman nan. "Mama, wata bakwai ne fa kacal. Ki cire musu, in kin tafi su ƙarata. Gidan ubanmu ne?"

"Sunan manya shi ke buɗe fayil ɗin kowa," in ji Anti. "In na cire a nan, na cire duka. Kuma akwai tabarmar da na zauna a kai na yi alkawari."

Da safiyar Juma'a ta shigo bakwai saura kwata, ta taɓa akwatinta, ta zauna ta karanta rajistar baƙi. Ba ta rubuta takardar ban haƙuri ba. Shafi ɗaya ta buga, ta ɗauka ta hau sama. Direba yana ofishin a lokacin, ya kawo jakar Darakta.

"Ranka ya daɗe, shekarun baya ka ce in bugo maka rajista. Yau ban jira ka ce ba."

Ya karɓa fuska a ɗaure.

"Daga Talata zuwa jiya, sau goma sha ɗaya aka sa kalmar sirrinka daidai, ba kuskure ko ɗaya. Huɗun nan na sama daga otal ne, kai ne kana gwadawa. Bakwai ɗin ƙasa daga cikin gidan nan ne. Na farkonsu minti ashirin da biyar bayan ka ajiye waya, lokacin da labari ya bazu cewa an cire sakata."

"Wane ne?"

"Ban sani ba. Kwamfutar ɗakin karɓar jini ce, kowa yana zama a kanta. Abin da na sani, da na zare sakatar da ya shiga. Ya buɗe fayil ɗin wanda ya ga dama, ya buga. In lauya ya zo aka ce in bugo rajista, suna ɗaya za a gani a nan."

Direba ya ce Darakta ya daɗe yana kallon takardar. Maganarsa ce aka dawo masa da ita, kuma ya gane ta. Amma girma bai bar shi ya sauka nan da nan ba.

"Ba wanda ya san kalmata a gidan nan," ya ce. "A tara min kowa."

Aka taru a ɗakin jira, wasu a zaune wasu a tsaye da safar hannu.

"Duk wanda ya san kalmar sirrina ya ɗaga hannu. Na yi alkawari ba abin da zan yi masa."

Can daga baya sai ga hannu ya tashi, da tsumman goge ƙasa a cikinsa.

"Iya! Ke kuma?"

"Yallaɓai, ai tana ƙarƙashin gilashin teburinka, kullum sai na goge ta. Ni ba karatu na yi ba, amma ai lambar motarka ce, ko makaho ya shafa ya gane."

Direba ya ɗaga nasa. Mai buga masa takardu ta ɗaga. Mataimaki ya gyara murya, ya kalli silin, shi ma ya ɗaga. Aka ƙirga hannu goma sha uku. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Darakta ya nemi kujera ya zauna a cikin layin marasa lafiya.

Wanda ya ƙwanƙwasa sau bakwai ɗin nan har yau ba a san shi ba. Wataƙila son gani ne kawai, wataƙila akwai fayil ɗin da yake hari. Ba a sani ba, kuma ba a buƙatar sani, don bai shiga ba. Babu mara lafiyar da ya tashi ya ga sirrinsa a hannun surukai, babu ma'aikacin da aka kora.

Darakta bai ba ta haƙuri a gaban mutane ba, ba irinsa ba ne. Ranar Litinin dai aka gan shi a ƙofar ofishinta da sabuwar waya da katin aikinsa, yana tsaye bayan wata ma'aikaciya da ita ma ta canja waya. Da layi ya zo kansa, Anti ta karɓi katin, ta dubi hoton, ta ɗago ta dubi fuskarsa kamar ba ta taɓa ganin sa ba, sannan ta haɗa masa. Ta miƙa masa sabon ɗan ƙarfe.

"Wannan ba na 'yar tsana ba ne, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi rabi. Ya juya zai fita, sai ya tsaya.

"Yarinyar nan mai ɗibar jini... tana ina yanzu?"

"Ɗinki take yi. Ba yarinya ba ce kuma, 'ya'yanta uku."

Bayan mako biyu direba ya yi sallama a ƙofar gidan Yaya da ambulan. Takardar ta ce gidan gwajin ya janye tuhumar da ya yi mata, don ba shi da hujjar cewa ita ta aikata, kuma in tana so gurbinta yana nan. Yaya ta karanta sau biyu, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta koma ba. Ta ce hannun ya manta jijiya, kuma masu kawo mata ɗinki sun saba da ita. Takardar dai ta sa ta a leda ta ajiye a akwatin da zannuwan mahaifiyarmu suke. Ita mahaifiyar tamu ta rasu shekara huɗu kafin nan, ba ta gani ba. Wannan ɗin Anti ba ta iya gyara shi ba, ba kuma wanda zai iya.

Ranar Juma'ar da ta wuce, doguwar rigar da Anti ta sa Yaya ce ta ɗinka, ta kuma ƙi a yi mata maganar ladan aiki. Bayan jawabai Anti ta cire ɗan ƙarfenta daga igiyar wuya ta miƙa wa matar da za ta gaje ta, ta ce a goge sunanta daga sabar yanzu, tana tsaye.

"Anti, a bar shi mana, ko za mu neme ki."

"In kun neme ni ku kira ni, in zo da ƙafata ku ga fuskata."

Aka goge. Ta ja kujera a gaban kowa, ta gyara tabarau, ta sa kalmar sirrinta. Na'ura ta ce ba ta san ta ba. Ta sake sawa, ta sake ƙi. Sai ta tafa hannu ta kece da dariya.

"Yauwa! Haka nake so."

Mu da muke karanta wannan, kowannenmu yana riƙe da wata ƙofa, ko ta ofis, ko ta shago, ko ta wayar da ke aljihunsa. In an ce ka ƙara kariya ta biyu, ka ƙara, rabin minti ne. In kana son taimakon abokin aikinka, taimake shi da sunanka, kada ka ari nasa. In kuma kai babba ne, akwai wani na ƙasa da kai da ya taɓa ce maka a'a saboda amanar da ka ba shi, kada ka jira hannu goma sha uku su tashi kafin ka gane darajarsa.

Anti Sakata, mai a'a da ladabi, mun gode. Na gode a madadin Yaya, wadda ta iya ɗinki amma ba ta iya jawabi ba. Na gode a madadin dubban mutanen da za su ci gaba da wuce ki a hanya ba su san ke ce kika rufa musu asiri ba. Allah ya rufa naki kamar yadda kika rufa nasu, ya ba ki hutu mai tsawo da lafiya.

Maigadi ya ce ranar Litinin ɗin nan yana zaune yana jiran jaka mai igiya ɗaya, har rana ta ɗaga, sai da ya duba agogo.